Fa, Tsauni da Kango: Sunayen Duwatsun Kudancin Kano

Kalma ɗaya Bahaushe yake da ita ga abin da yaro ke ɗauka ya jefi ƙadangare da abin da ƙato zai wuni yana hawa bai kai ƙarshensa ba. Duka dutse ne. Da dutse ake niƙa, da shi ake danne rufin kwano kada iska ta yaye, a kansa ake kafa gari. Bakano ya ce dutse, Bakatsine da Basakkwace su ce dutsi ko duci, shi ya sa taswira ta cika da Dutse ta Jigawa, Dutsi da Dutsin-Ma a ƙasar Katsina, Dutsen Wai a ƙasar Zazzau, da Dogondutsi can a Nijar. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka harshen bai damu da bambance duwatsu ba. Sai ka sauka ƙasar Rano da Kibiya, inda dutse yake bakin gona da bayan gida, sannan za ka ji sauran kalmomin.

Manomi a Yalwa ta ƙasar Rano ba zai ce maka gonarsa na bayan dutse ba in abin da yake nufi shimfiɗaɗɗen dutse ne wanda ya kwanta da ƙasa. Fa zai ce. Fa wurin aiki ne. Da kaka za ka tarar an shanya barkono da kuɓewa da dafaffiyar shinkafa a kai, yaro na zaune da tsumagiya yana korar awaki. In ka sunkuya za ka ga wasu ƙananan ramuka masu santsi, dogaye, daidai tafin hannu biyu, waɗanda niƙan matan da suka riga mu ya ci a jikin dutsen. Akwai kuma kwarmin da ruwan sama ke kwanciya a ciki har bayan ɗaukewar damina, inda ake wanki, tsuntsaye su sha. Tsauni kuwa shi ne wanda ya miƙe sama, sai an ɗaga kai. Tudu ba lallai ya zama dutse ba, ƙasa ce ta tashi. Kogo shi ne inda wani dutse ya jingina da wani ya bar ɗaki a tsakani, gidan rema da jemage. Marmara ita ce jar ƙasar nan mai tauri da ramuka wadda ake sara a yi harsashin gini. Tsakuwa kowa ya san ta, tifa ke ɗauka.

Duk waɗannan kalmomi daga ido da hannu suka fito: yaya abin yake, me ake yi da shi. Babu wadda ta tambayi yadda aka yi dutsen ya samu. Wannan tambayar ta masana ilimin ƙasa ce, kuma amsarta ta nuna cewa manyan duwatsun jihar Kano da muke kira da suna ɗaya asalinsu uku ne mabambanta.

Dala shi ne kowa ya sani, to amma shi marmara ce ta yi masa hula. Ragowar wata tsohuwar shimfiɗar ƙasa ce mai arzikin ƙarfe, ruwa ya cinye kewayenta ya bar inda ya fi tauri. Daga irin wannan ƙasa ake samun tama, kuma binciken masu tonon tarihi ya nuna ana narka ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce sunan na mutum ne, wani maharbi da ya gina gidansa a kai, wanda Barbushe mai hidimar Tsumburbura ya fito daga zuriyarsa. Maƙwabcin dutsen Dala ma irinsa ne. A takarda ana rubuta Goron Dutse, amma dattawan birni da yawa Gwauron Dutse suke cewa, wato wanda ya tsaya shi kaɗai ba abokin zama. Ni na fi karkata ga na dattawan, domin ko makaho ya shafa dutsen nan ba zai ce goro ba ne, kaɗaicinsa kuwa a fili yake.

Duwatsun Rano da Rurum da Kibiya wani iri ne daban. Ɗauki ɓallin ɗaya ka juya shi a rana. Za ka ga ƙwayoyi uku a cakuɗe: wasu farare ko masu ɗan ja, wasu kamar gilashi, wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Girman ƙwayoyin shi ne shaida. Narkakken dutse ne ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, a hankali ƙwarai, har kowace ƙwaya ta sami lokacin girma. Bai taɓa ɓullowa sama yana wuta ba. Abin ya faru kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sannan ruwa da iska suka yi ta kwashe abin da ke samansa har ya bayyana. Da nauyin ya sauka daga kansa, ga zafin rana da sanyin dare, sai ya riƙa ɓarewa falle-falle, shi ya sa bayansa ya yi sumul, wasu manyan ƙwallaye suka hau kan juna kamar ɗora su aka yi. Masu fasa dutse sun san wannan hali nasa sarai, shi ya sa suke hura masa wuta su bar shi ya tsage kafin su sa guduma. Wannan shi ne giranait. Wani Bature masanin ƙasa mai suna Falkona, a littafin da ya fitar a 1911 kan ƙasar Arewa, shi ya raba giranait ɗinmu gida biyu, ya kira irin na Rano tsoho, ya kira ɗayan na baya. Sunayen nan biyu har yau da su ake koyarwa a jami'o'inmu.

Na bayan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In ka bar Rano ka nufi kudu, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore a kan hanyar Jos, sai ka karkata zuwa Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, kusa da iyakar Kaduna da Bauchi. Nan ne ƙasar Kano ta fi tashi sama, tsaunukan sun haura mita 1,000 daga doron teku, alhali birnin Kano bai kai 500 ba. Sanyin wurin ma daban ne. Waɗannan tsaunuka ba a warwatse suke ba kamar na Rano. A kewaye suke, zobe cikin zobe, kuma dalilin haka shi ne nan dutse mai aman wuta ya taɓa tsayawa, kimanin shekara miliyan 170 da suka shige.

Ga yadda masana suka karanta abin a jikin duwatsun. Narkakken dutse ya taru a wani babban rumbu a ƙarƙashin ƙasa, ya fasa ya fito, ya yi ta fesa toka mai zafi da ruwan dutse. Da rumbun ya ragu, abin da ke samansa ya rasa madogara, sai ƙasa ta tsage a kewaye, tsakiyar ta rufta ciki. Sabon narkakken dutse ya biyo tsagar ya daskare, shi ne zoben waje da ake gani yau. Tokar da ta faɗa cikin ramin ta tsira daga zaizaya, ta zama dutse mai laushin ƙwaya wanda ido ba ya iya rarrabe ƙwayoyinsa, domin a sarari ya huce, da gaggawa. Daga baya wani giranait ɗin ya kutso daga ƙasa ya zauna a tsakiya, shi ne mai ɗauke da ma'adinai. Masana uku, Jakobson da Makilawud da Bilak, sun tattara bayanin waɗannan zobba a wani littafi na 1958 wanda har yanzu ake komawa gare shi.

To, me za mu kira wannan wuri da Hausa? "Dutse mai aman wuta" ƙirƙirarriyar magana ce, ta zo mana ta gidajen rediyo da littattafan makaranta, kuma wanda ya ƙirƙiro ta ya iya Hausa, domin da jin ta ka ga hoton abin. Matsalarta ɗaya: tana nuna aikin da ake cikin yi. Mai aman wuta shi ne wanda yake yi yanzu, kamar wanda ya malalo zuwa garin Goma na Kwango a 2002 da kuma 2021. Saboda haka yaron da ke aji a Yalwa ko Kibiya yana jin kalmar sai hankalinsa ya tafi Indunusiya ko Italiya, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa akwai irinsa a jiharsu, tafiyar 'yan sa'o'i a mota ba. In aka ce masa "mataccen dutse mai aman wuta" kuma, zai nemi tsauni mai tsini da rami a ka, irin waɗanda ke Kerang da Panyam a Filato, ko Tafkin Tila na ƙasar Biu, waɗanda shekarunsu kaɗan ne ƙwarai in an gwada da Riruwai, siffarsu ma ba ta lalace ba. A Riruwai babu tsinin, zaizaya ta tafi da shi tuntuni.

Kalmar da ta dace muna da ita a gida: kango. Ɗakin da rufinsa ya rufta, mai shi ya tashi, bango ya rage a tsaye a kewaye, ɓaraguzan rufin na zube a ciki. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kango, ya kuma san cewa daga bangon ana gane girman ɗakin da ya taɓa tsayawa. Riruwai kangon dutse mai aman wuta ne. Da malamin makaranta zai faɗa wa ɗalibansa haka, rabin darasin ya ƙare.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Irin waɗannan kangaye a jere suke daga arewa zuwa kudu, tun daga tsaunukan Azbin, inda suka haura shekara miliyan 400, su biyo ta Damagaram da Gure, su shigo Nijeriya. Na garin Dutse ya kai wajen shekara miliyan 213, na Afu can kudu da Filato wajen miliyan 141. Kana yin kudu suna ƙara ƙuruciya. Tsaunukan Ningi da Burra ma cikinsu suke, kuma a nan ne duwatsun tokar suka fi tsira. Malaman da suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano wajen 1846 ƙarƙashin Malam Hamza, suka kafa daular da ta hana kudancin Kano barci shekaru da dama, a cikin irin wannan kango suka sami mafaka.

Mutanen Riruwai ba su jira masana ba kafin su san abin da ke cikin dutsensu. Kalmomi biyu sun isa shaida: kuza da dalma. Kuza ita ce baƙar ƙwayar nan mai nauyi da ke kwantawa a gindin ƙwarya in an wanke yashin rafi, yashi ya tafi da ruwa ita ta zauna. Dalma, ko darma, ita ce ƙarfe mai laushi da saurin narkewa, kuma a bakin mutanen da sunan ya haɗa har da farin ƙarfen da ake fitarwa daga kuza. Maƙeran Riruwai sun shahara da narka kuza su zuba ta a gurbin tsinke, ta fito siri-siri, a ɗaure dami-dami a kai kasuwa, maƙeran fari su saya. Wani Bature, Kilafaton, da ya zaga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa wannan ƙarfe da tozali cikin kayan da ƙasar ke samarwa da kanta. Da hare-haren Ningawa suka tsananta, wasu masu sana'ar suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka tafi da sunan garinsu, aka sami Riruwai biyu: ta Kano da Riruwan Dalma. Waɗannan tsinkayen dalma su ne suka sa 'yan kasuwar Ingila suka bi sawu har suka kai ga kuzar Jos a farkon ƙarni na 20, kuma zuwan kamfanoninsu shi ya kashe sana'ar waɗanda suka nuna hanyar. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na ji ana cewa Turawa ne suka gano kuza a ƙasar nan.

A takardun Turawa za ka ga sunan Riruwai da fuska iri-iri: Liruei, Liruwai, Ririwai. Ba duka ne kuskuren kunne ba. Hausa kanta tana musanya baƙaƙen l da r, kamar harshe da halshe, ko dalma da darma ɗin da muka ambata. Illar ita ce ɗalibin da ya je neman abin da aka rubuta kan garinsu da sunan Riruwai kaɗai zai wuce rabin abin da ke akwai bai sani ba. A tsakiyar kangon akwai jijiyar ma'adinai mai tsawon kusan kilomita 5, ta miƙe gabas da yamma, ɗauke da kuza da sinadarin zink. An haƙa rami ƙarƙashin ƙasa domin ta, aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Masu haƙa da hannu dai ba su daina ba.

Sai kuma sunayen da ba na ido ba ne, ba na hannu ba. Ko'ina a ƙasar Hausa ana ɗaukar babban dutse a matsayin gidan wasu, kuma ba a cika kiran waɗannan masu gida da sunansu kai tsaye ba. A ce iskoki, a ce mutanen ɓoye, a ce masu abu. Tsohuwa za ta ce wa jikanta, "Kai ɗan nan, ba a hawa da tsakar rana, ba a hawa da almuru. In ka je bakin kogo ka yi sallama." Yaro ya ce, "To, Iya." Ko mutum bai yarda da dalilin da ta bayar ba, dokar tata mai kyau ce: da tsakar rana fa yana ƙona tafin ƙafa, da almuru maciji ke fitowa shan ɗumin dutse, kogo kuwa ba ka san abin da ya riga ka shiga ba. Maguzawan kudancin Kano sun daɗe suna yanka a gindin wasu duwatsu da itatuwa, kuma irin wannan ne tarihin Kano ya ba da labari game da Santolo, dutsen da Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci da yaƙi bayan zuwan Wangarawa. Shi dai wannan Yajin an ce ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa. Rano ba ƙaramin gari ba ne a wannan tarihi, tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano aka ba sarautar baba, sarkinta kuma shi ake wa kirari da Autan Bawo.

Akwai kuma gatarin aradu, ɗan dutsen nan mai santsi da kaifi a baki ɗaya da manomi kan tono a gona, a ce tsawa ce ta jefo shi. Hannun mutum ne ya wasa shi, tun kafin a san ƙarfe. Sunan bai faɗi gaskiyar asalinsa ba, amma ya sa an adana shi a ɗaki ba a yar ba.

A nan sai an yi hattara, domin son fassara suna yana da daɗi kuma yana ɓatarwa. Doguwa sunan wata babbar iska ce a bori, Inna, wadda ake tsoron ambata. Ga kuma ƙaramar hukumar Doguwa mai tsaunuka da daji. Mai gaggawa zai ɗaura wannan da wancan ya ce ya gano asali, alhali doguwa siffa ce da ake yi wa kuka, ko tsamiya, ko hanya, kuma kamannin sauti ba hujja ba ne. Haka nan a taswirar masana, wurin da suka gane maƙogwaron dutsen ne, inda wutar ta riƙa fitowa, sunansa Dutsen Shetu. Shetu sunan mace ne, ɗaya daga cikin yadda muke taƙaita A'ishatu. Abin lura shi ne masanan da suka zo da guduma da madubin ƙara girma ba su raɗa wa wurin sabon suna ba, na mutanen gari suka tarar suka rubuta, kuma ta wannan hanya sunan wata Shetu ya shiga mujallun kimiyya na duniya. Duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, Habude da Mesa, su ma da sunayensu na gida aka san su.

Hawan dutse don nishaɗi ba baƙon abu ba ne gare mu, ko da yake yanzu matasa na yi masa kallon sabon yayi, da jakar baya da takalmin Turawa. Kanawa sun daɗe suna cika kan Dala ranar Takutaha, mako ɗaya bayan Mauludi. Zazzagawa na hawan Kufena. Abin da ya bambanta Riruwai shi ne nisa da daji. Ba wurin da baƙo zai sa kai shi kaɗai ba ne: a fara gaida masu gari, a tambayi halin da hanya da dajin Falgore ke ciki a wannan lokacin, a ɗauki ɗan gari, zai fi kyau maharbi. Bayan kaka zuwa farkon hunturu ya fi, ciyawa ta fara kwanciya, dutse ya bushe ba santsi, rafuka ba su ƙafe ba, har a iya ganin ruwan da ke zubowa a Zainabi. A fita da asuba. Mai hawa ya riƙa duban ƙasa: inda ƙwayoyin dutse suka yi manya yana kan giranait, inda suka ɓace dutsen ya yi duhu da laushin fuska ya taka tsohuwar toka. Ararrabi da kukuki na fitowa daga tsaga, kazar dutse na kuka ba ka ganin ta. Ruwan da ke gangarowa daga wannan yanki yana cikin abin da ke ciyar da Kogin Kano, ya ratsa Falgore ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, dab da ƙasar Rano, daga nan ya shiga gonakin Kadawa da Bunkure da Kura.

Maharbin da zai yi maka ja-gora yana da suna ga kowane tsauni, kowane kogo, kowane kwarmin ruwa, kuma mafi yawan sunayen ba su taɓa hawa takarda ba. Haka abin yake a Yalwa da Rurum da Tarai. Fa kuwa, in masu fasa dutse suka sa shi gaba, cikin 'yan shekaru ya zama rami, sunansa ya bi tifa. Tattara su ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: littafin rubutu, wayar da ke nuna inda mutum yake tsaye, da haƙurin zama gaban dagatai da maharba da tsofaffin mata masu shanya. Ɗaliban sashen labarin ƙasa da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero za su iya yin sa tare, ɗaya ya rubuta irin dutsen, ɗaya ya rubuta sunan yadda aka furta shi da labarin da ke bayansa. Mazaɓu goma ne a ƙaramar hukumar Rano, goma a Kibiya, goma a Doguwa, ana iya raba su tsakanin 'yan aji ɗaya a hutun rani guda.